Ranar da Inna Baiwa ta Wanke Gishiri

A Toranke in ka tambayi gidan su Dakta Isyaku za a nuna maka, amma sai an ja maka kunne tukuna: in ciwo ne ya kawo ka, wuce Gaya. Wannan daktan bai taɓa yi wa ko kaza allura ba. Dattawan garin sun daɗe suna juya maganar a gindin tsamiya, yadda mutum zai tafi Ingila shekara uku cur, ya dawo da sunan dakta, ka kai masa yatsa a kumbure ya ce maka ai shi ma asibiti yake zuwa.

Isyaku shi ne ɗan fari a wurin marigayi Malam Tukur, manomin gero da gyaɗa, da matarsa Baiwa, wadda garin duka ke kira Inna Baiwa mai mai. Shekara talatin da ɗoriya tana soya gyaɗa, ta niƙa a dutse, ta tuƙa da ruwan zafi har mai ya tsatso. Duk macen da ke kai mai kasuwar Gaya daga Toranke, ko dai ita ta koya mata, ko ta koya wa wadda ta koya mata. An san ta da abu biyu. Na ɗaya, manta ba ya wari ko ya shekara. Na biyu, ba ta iya ganin kwano da maiƙo ta wuce. In ta je barka gidan mutane, kafin a kawo mata fura ta gama musu wanke-wanke.

Da yake ɗan fari ne, Inna Baiwa ba ta taɓa kama sunansa ba. Kunya ta hana. "Wannan mutumin" take ce masa, in ranta ya yi fari kuma "mai tafin gumi", don tun yana ƙarami tafin hannunsa kullum a jiƙe yake, ya riƙe takarda ta yi laushi kamar ganyen rama. Har wani Isyakun da ke maƙwabtaka ya rasa sunansa a bakinta, ya koma "mai sunan wancan". In tana son gaya wa ɗan nata magana, sai ta fuskanci kaza ko turmi ta faɗa da ƙarfi, shi kuma ya tsinta.

Tun yana ɗan shekara takwas aka ga alamar inda ya dosa. Katangar zaurensu ta yamma takan sha rana yini guda, bayan rana ta faɗi sai ya je ya tsaya kusa da ita, bai taɓa ta ba, yana jin ɗumi a kumatu.

"Baba, wa ke kawo ɗumin nan? Ba iska, ba wuta, ban kuma taɓa ba."

"Ikon Allah," in ji Malam Tukur.

"I, na sani. Amma ta wace hanya?"

Ya sha ranƙwashi, amma ranƙwashi ba ya amsa tambaya. Da ita ya shiga elementare a Gaya, da ita ya wuce Kano, da ita ya isa jami'a a Zariya a shekarar 1962, ya zaɓi fiziks. A nan wata rana malaminsu ya tare hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, hasken ya baje a kan tebur kamar bakan gizo. Ya ɗauki ma'aunin zafi yana bin launukan ɗaya bayan ɗaya, har ya wuce ja, ya ajiye shi a inda ido ba ya ganin komai. Ma'auni ya ci gaba da hawa. Ashe bayan ja akwai wani hasken, ido ba ya ganinsa, fata ce ke jinsa.

Isyaku ya miƙe tsaye a tsakiyar aji ya ce, "Katangar gidanmu!" Aka yi masa dariya har ƙarshen zango.

A kan wannan haske ya yi digirinsa na dakta a Ingila, ya dawo Zariya yana koyarwa a 1970. Aikin, in aka sauke shi ƙasa, ba shi da wuyar ganewa. Kowane abu, mai ne ko ƙaro ko magani, in aka haska masa wannan haske yakan shanye wani sashe ya bar wani, kuma ba abu biyu da ke sha iri ɗaya. Akwai na'ura mai alƙalami da ke zana abin da aka shanye a kan doguwar takarda, layi mai hawa da gangara. Wanda ya iya karanta layin zai gaya maka abin da ke cikin kwalba ko da hanci da harshe sun kasa.

Wannan bayanin bai taɓa isa Toranke da ƙafafunsa ba. Sauran mata suna da abin faɗa a gidan suna: ɗan wannan malamin gona ne, ɗan waccan yana ofishin hakimi. Da aka matsa wa Inna Baiwa, sai ta kawar da kai ta ce, "An ce dai abin da ba a gani yake dubawa." Ba a yi kwana uku ba wata tsohuwa daga Gafasa ta zo da goro, akuyarta ta ɓata, a duba mata.

A daminar 1971 ne abin ya faru. Akwai wani ɗan kasuwa, Ɗantani, wanda ke sayen man matan Toranke a kasuwar Gaya, ya juye a garewani ya kai Kano. Wata ranar kasuwa ya dawo da garwa biyu, ya dire su gaban Datti Sarkin Kasuwa. Masu tuyar ƙosai a Kano sun maido masa, sun ce man yana baƙin hayaƙi, kuma duk wanda ya ci ƙosan ya yini yana zarya bayan gida.

"Gauraye suke yi, ranka ya daɗe," in ji Ɗantani. "Ni abin da aka ba ni na kai. A tambayi uwarsu, ga ta can."

Inna Baiwa ta rantse, sauran matan suka rantse, Ɗantani ma ya rantse. Datti ya shinshina man, ya ɗanɗana, ya ce shi dai ya ji wani abu amma bai san sunansa ba. Ya yanke cewa ba za a ƙara kasa man Toranke a kasuwarsa ba sai gaskiya ta fito, in kuma ba ta fito ba, shi ke nan, ya zauna haka.

Kwana biyu bayan nan Isyaku ya zo hutu ganin gona. Ya tarar da dutsen niƙa a rufe da tabarma, tukunyar suya a kife, tsakar gida ba ƙamshin gyaɗa. Tun da ya yi wayo bai taɓa ganin haka ba, ko ranar da aka binne mahaifinsa sai da aka gama ƙuli-ƙulin da aka ɗora. Ya gaishe ta, ta amsa wa bango. Can sai ta dubi wata kaza mai 'ya'ya ta ce:

"Ke dai kin huta. Ba wanda zai tsaya tsakiyar kasuwa ya ce kina zuba wa Musulmi guba. Mata goma sha huɗu na koya wa sana'a, yau duk an ɗaure musu hannu da sunana."

Isyaku ya ɗauki kekensa ya nufi Gaya.

Abu uku ya roƙa a wurin Datti: kwalba ɗaya daga tulun Inna Baiwa, kwalba ɗaya daga garwar da aka maido, da garwa guda daga cikin waɗanda Ɗantani ya jibge bai riga ya zuba musu komai ba. Ɗantani ya yi dariya.

"Dakta, wofi ce fa. Ko iskar ciki za a yi wa allura?"

"In za a yi bincike kowa ake ɗiba, Malam Ɗantani, har wanda bai yi magana ba."

Datti ya sa aka toshe komai da kakin zuma a gaban shaidu, ya danna zobensa a kai. Ya ce ya ba shi zuwa kasuwa mai zuwa, ba ƙari.

Da asuba Isyaku ya fito da kaya, sai ya ga Inna Baiwa a ƙofar gida ta yafa mayafinta na zuwa biki, da ƙunshi a ka.

"Inna, ina zuwa?"

Ta dubi jakin da zai kai su Gaya ta ce masa, "Ba a yi wa mai shari'a uwarsa ba ta wurin."

Haka suka tafi, jaki zuwa Gaya, babbar mota ta gadar Wudil zuwa Kano, wata motar zuwa Zariya. Kwalbar manta tana kan cinyarta har suka isa, ko yaron mota bai samu ya taɓa ba. Matar Isyaku, Zuliha, ta yi mata shimfiɗa ta kawo tuwo, Inna Baiwa ta ci loma uku ta tashi ta wanke tukwanen gidan kaf, har da waɗanda aka riga aka wanke.

Washegari da hantsi suka shiga ɗakin gwaji. Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta ce wurin ya fi ƙarfin a taka shi da ƙasar waje. Ta daɗe tana kallon na'urar, wadda ta kai akwatin lefe biyu in an jera.

"Wannan ce alƙaliyar?"

"Ita ce, Inna."

"To Allah ya sa tana tsoron Allah."

Isyaku ya sa safar roba a hannu, ya buɗe wata tukunyar gilashi mai murfi, ya fito da wasu 'yan faya-fayai guda biyu, kowanne bai wuce bakin kofin shayi ba, garau kamar ruwan rijiya. Ya ɗiga manta ɗigo ɗaya a kan ɗaya, ya kifa ɗayan a kai, ya saka a na'ura. Alƙalami ya fara tafiya. Inna Baiwa ta bi shi da ido har ya kai ƙarshen takarda.

"Me ta ce?"

"Tukuna. Takarda ɗaya ba ta magana, sai an jera ta da 'yan'uwanta."

Ya zaro faya-fayan ya ajiye a kan tebur, zai goge su da wani ruwan magani da ake goge su da shi, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Shugaban sashe ya ji ya dawo, yana nemansa, ana taron malamai, shi kaɗai ake jira.

"Inna, ki zauna nan, yanzu zan dawo. Don Allah kada ki taɓa komai."

Ba ta taɓa komai ba. A wurin Inna Baiwa wanke-wanke ba ya cikin taɓi. Ta zauna ta dubi rufi, ta dubi taga, idonta ya dawo kan 'yan faya-fayan nan biyu suna naso da mai, manta kuma, a ɗakin mutane. Me za a ce, uwar mai tafin gumi ta zo ta ɓata kaya ta naɗe hannu? Ga famfo a kusurwa. Ga sabulun salo a ƙunshinta, wanda ba ta tafiya ba shi.

Abin da bai gaya mata ba, don bai taɓa zaton sai an faɗa ba, shi ne gilashi ba ya barin wannan haske ya wuce. Shi ya sa faya-fayan ba gilashi ba ne. Gishiri ne, tsantsarsa, dunƙule guda da aka yanka aka goge har ya zama kamar madubi. Ko numfashi ba a yi a kansu, balle a damina.

Da Isyaku ya dawo ya same su a jere kan tsumma mai tsabta, fari fat kamar idon dafaffen kifi, fuskarsu duk ta yi rami-rami. Bai san sanda ya zauna a ƙasa ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ni dai na ga suna ramewa a hannuna kamar sabulu, na yi maza na tsame. Kayan Turawa ba ƙarko."

"Inna, gishiri ne."

Ta dube shi, ta dubi yatsanta, ta lasa.

"Gishiri! Kai wannan mutumin! Shekara uku a Ingila, mu muna nan muna addu'a, ashe gishiri aka ba ka ajiya? Da ka faɗa ai da na taho maka da shi daga Gaya."

Ta fara dariya, sai ta ga fuskarsa, dariyar ta tsaya. Ya gaya mata a hankali: su ke nan suka rage a sashen, waɗanda aka yi oda suna kan teku, sai bayan wata uku. Ba su, na'ura makauniya ce. Kwalbar Ɗantani da garwarsa ba a auna ba. Kasuwa saura kwana uku, ɗaya kuma na hanya ne.

Inna Baiwa ta zauna a bakin kujera. Ta daɗe tana kallon hannuwanta.

"Ɗantani ya kai ni bakin rijiya," ta ce, "ni kuma na tura kaina."

Wannan karon ba kaza ta gaya wa ba, ba turmi ba. Shi ta gaya wa. Can ta ja mayafi ta goge ido.

"Wanda ya yi su, daga sama ya ɗauko su da ƙyallinsu?"

"A'a, gogewa ake yi. A fara da takardar yashi mai laushi a kan gilashi, sannan ƙyalle da jan gari, ana ɗiga sifirit maimakon ruwa. Amma aiki ne na gwanaye. A Ingila wani tsoho ne ke yi mana, shekararsa talatin yana yi."

"Shi tsohon hannu nawa gare shi?"

Isyaku ya ɗauko kayan ya gwada. Ilimin yana kansa, hannun ne ba nasa ba. Kafin ya yi zagaye ashirin gumi ya cika safar yana gangarowa ta wuyan hannu, ya tsaya ya goge, ya koma ya danne gefe ɗaya, faifan ya fara karkacewa kamar tsohon takalmi. Inna Baiwa tana tsaye a kansa tana tsaki ƙasa-ƙasa.

"Niƙa kake ko kokawa? Dutse ba a danne shi, bin sa ake. Kuma ba a tsayawa wuri ɗaya, sai ka yi masa kwari. Tashi."

"Inna, wannan ba gyaɗa ba ce."

"Ni na ɓata. Tashi, na ce."

Ya tashi. Rigima ɗaya suka yi, a kan safa. Ta ce ita tun da take ba a taɓa sa wa hannunta wando ba. Ya ce in ba wando ba aiki. Ta sa, tana mita. Tebur kuma ta ce ya yi mata tsawo, niƙa a durƙushe ake yi, sai da ya sauko mata da gilashin ƙasa ya shimfiɗa tabarmar sallarsa.

Sannan ta fara. Hannun da ya shekara talatin yana bin dutse bai bar masa kwari ba, shi ne ya ɗauki ɗan faifan gishiri yana zagayawa da shi, ba nauyi, ba gaggawa, in ta yi kaɗan ta juya shi kwata. Isyaku, mai digiri biyu, ya durƙusa gefe yana ɗiga sifirit duk sanda aka ce masa "zuba". Da ya yi yawa ta ce, "Miya kake yi?" Da ya yi kaɗan ta ce, "Rowa ka koyo a can?" Suka yi har la'asar, suka dawo washegari da safe. Ramukan suka ɓace, farin ya koma hazo, hazon ya yi ta washewa. Bayan azahar ta miƙa masa na biyun. Ya ɗora shi a kan jarida, ya karanta ƙananan baƙaƙe ta cikinsa.

"Bai kai na da ba," in ji ta, tana ɗaga shi wajen taga. "Akwai sauran dushi-dushi."

"Idon mutum ne mai tsirfa, Inna. Wannan hasken ba ruwansa da ɗan dushi."

Ya auna man garwar da aka maido. Ya goge faya-fayan da hannunsa, Inna tana harararsa, sannan ya fasa kakin garwar da aka ce wofi ce, ya zura sanda mai auduga har gindinta. Audugar ta fito da wani mai rawaya, kalar man gyaɗa sak. Ya auna shi. Da alƙalami ya tsaya, ya jera takardu uku a kan tebur, ya dube su, ya sake dubawa.

"Me ta ce?"

"Ta ce mu tafi gida, Inna."

Ranar kasuwa rumfar Datti ta cika har waje. Matan Toranke goma sha huɗu suka tsaya gefe guda, ba wadda ta zo da tulu. Isyaku bai yi musu Turanci ko ɗaya ba.

"Ranka ya daɗe, in dabba ta yi ɓarna a gona, ba wanda ya gan ta, yaya ake gane ta?"

"Sawu," in ji Datti.

"To kowane mai da sawunsa. Wannan takardar man tulun Inna ne. Ka ga wannan rami mai zurfi a tsakiya? Duk man gyaɗa yana da shi. Wannan kuma abin da na kwaso ne a gindin garwar da ba a zuba wa komai ba. Ina ramin?"

Datti ya kai ido kusa. "Babu."

"Babu, don ba man ci ba ne, man inji ne. Ga nasa alamun nan. Yanzu ga ta ukun, man da aka maido daga Kano."

Ya ɗora takardun a kan juna ya ɗaga su ga rana. Ko wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba ya ga abin: sawun man gyaɗa ne, amma wani ya taka a kansa, kuma mai takun shi ne na gindin garwa. A takardar Inna Baiwa ba wanda ya taka.

Ɗantani ya share gumi. "Ranka ya daɗe, da girmanka. Takarda ce fa, ɗanta ya zana, a ɗakinsa, ba mai gani. Ni ma a ba ni alƙalami in zana tawa. Wa zai tsaya mana a kan cewa gaskiya ya kawo?"

Aka yi gunaguni, don maganar ba ta rasa kai ba. Datti ya shafa gemu. Sai aka ji murya daga wajen mata, ba ta ɗaga sosai ba amma ta kai ko'ina.

"Ni na gani. Da hannuna aka yi. Isyaku ba ya ƙarya."

Matan Toranke suka dubi juna, wata ta kama baki. Shekara talatin da ɗaya ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakin Inna Baiwa. Shi mai sunan ya sunkuyar da kai, takardun da ke hannunsa suka fara laushi.

Datti, da yake dattijo ne, ya yi kamar bai ji komai ba. Ya aika aka ɗauko wata garwar daga jibgin Ɗantani, ya naɗa tsumma a kara ya zura, ya ƙyasta ashana. Baƙin hayaƙi ya tashi, rumfa ta ɗauki warin tashar mota.

"Ɗantani, ina ka samo garewanin nan?"

"Garejin manyan motoci, a Kano. Na ga sababbi ne, ba tsatsa."

"Ka wanke?"

"Na... na kife su a rana, ranka ya daɗe."

"Ya kife su a rana!" in ji Inna Baiwa, ta tafa hannu. Wannan ya fi ƙona mata rai a kan ƙazafin.

Daga baya masu wayon bayan fage sun ce ai da tsumma da ashana ma sun isa, ba sai an je Zariya ba. Gaskiya ne. Sai dai mako guda garewanin suna jibge a gaban kowa, ba wanda ya leƙa cikinsu sai da takarda ta nuna da yatsa.

Datti ya sa sanƙira ya zaga kasuwa ya faɗa cewa man Toranke ba shi da laifi. Ɗantani ya durƙusa ya nemi gafara, ba mugu ba ne, rago ne kawai. Inna Baiwa ta ce ta yafe, amma da sharaɗi. Washegari aka gan shi a bakin rijiyar Toranke, babban mutum da shi, ya naɗe hannun riga, ga toka ga ruwan zafi, tana tsaye a kansa. Garewanin gareji ta ce ko an wanke ba za su ga manta ba, a kai su ban ruwan dabbobi ma ba ta yarda ba, sai dai awon yashi. Waɗanda ya sayo sababbi su ya wanke, sau uku-uku, tana shinshinawa. A bayansu mata goma sha huɗu sun hura wuta, ƙamshin gyaɗa ya koma inda yake.

Isyaku ya ci gaba da aikinsa a Zariya. A shekarun da suka biyo ya bi sawun man kaɗe, man auduga, ƙaro da zuma, ya tara takardu cike da kabad, har ya zama in ana shakkar wani mai, ana aiko masa da kwalba daga nesa. Ɗaliban da suka bi ta hannunsa, darasinsu na farko ba lissafi ba ne. Sai ya sauke gilashi ƙasa, ya ce kowa ya durƙusa ya koyi goge gishiri: ba a dannewa, ba a tsayawa wuri ɗaya. A jikin tukunyar gilashin kuwa ya manna takarda da Hausa da Turanci, kada a wanke.

Maganar suna kuma, Inna Baiwa ta musanta har yau. Duk wadda ta tayar da ita sai ta ce hayaniyar kasuwa ce ta ruɗi kunnuwan mutane, ita mai sunan wancan take nufi. Amma in baƙuwa ta tambaya a gidan suna, wai shin ɗan nan naki me yake yi a Zariya, ta daina kawar da kai. Takan gyara zama, ta dubi bango ta ce:

"Wannan mutumin? Sawun mai yake bi. Ya iya, ba laifi. Niƙa ce dai har yanzu sai a hankali."